Tsayuwata A Layin Tsakuwa

Matasan da ke zuwa tashar tifa ta Dei-Dei neman aiki kusan bakinsu ɗaya ne. Sai su ce ai tuƙin tifa aikin zaune ne, feloda, wato injin ɗibar tsakuwa, ta loda maka, ka je ka ja ƙarfe bodi ya ɗaga ya zubar, kai kana kan kujera. Ba su yi ƙarya ba, aikin zaune ne. Abin da ba su sani ba shi ne zaman ma yana gagarar mutum. Ni ya gagare ni, kuma ban bar tuƙi ba, shi ya sa nake ganin ina da bakin yi muku bayani.

Aikin farko da maigidana Oga Tanimu ya sa ni shi ne in shiga ƙarƙashin mota in bi kowace gaɓa da giris. Na daɗe ina ganin cikin tifa daga ƙasa kafin in gan shi daga sama. Ya koya mini ɗaure notin taya, da duba iskar birki kafin a motsa, da sa weji a tokare taya a gangare ko da an ja birkin hannu. In inji ya canza murya ya tambaye ni na kasa faɗin dalili, ranar ba zai ƙara yi mini magana ba. Motarsa tsohuwa ce, soson kujerar ya mutu tun kafin in zo, sai ya yanko katako ya ɗora a kai. Na taɓa tambayarsa me ya hana shi kai wa mai kushin.

"Da me kake jin mota?" ya ce. "Da kunne kawai? Da mazaunanka kake jin ta. In taya ta sace, ko lodi ya karkata, nan za ka fara ji. Wanda ya zauna a kan laushi sai ya faɗa rami zai sani."

Na ɗauki maganar nan da hannu biyu. Ko da na samu mota mai kujera lafiyayya, sai da na ɗora mata katako.

Da sojoji suka koma bariki, gini ya buɗe a Abuja yadda ban taɓa gani ba. Kowane ma'aikaci yana da fili a Kubwa ko Gwarinpa ko Lugbe, kowa yana son tsakuwarsa yau. Motar da nake ja ta Alhaji Lawal ce, babban ma'aikaci a wata ma'aikatar tarayya, wanda ya sayi tifa don ta riƙa taimaka wa albashi. Mutum ne mai kirki, amma bai taɓa taka wurin fasa dutse ba. Abin da ya sani kawai shi ne sawu nawa aka yi a yini.

Ina tuna wani lodi da na kai bayan Gwarinpa da damina. Mai ginin ya rantse hanya tana da kyau, da motarsa ya bi da safe. Ƙaramar mota daban, tifa mai cike da tsakuwa daban. Na sauka na taka ƙasar da ƙafata, na ji tana motsi kamar kunu mai kauri. Na ce nan zan zubar, leburori su kwasa da baro. Ya yi ta faɗa, ya ce zai kira mai mota. Na miƙa masa wayata. Wata tifa da ta zo bayana direbanta ya ji tsoron faɗan ya shiga, kuma da na dawo da sawu na biyu tana nan a kafe har gatarin taya. Wannan shi ne aikin, ba jan ƙarfe ba. Ka san ƙasa, ka san nauyinka, ka iya ce wa mai babbar riga a'a.

Amma inda ake cin rana ko a rasa ta shi ne layi. A wurin fasa dutsen da muke ɗauka, can bayan Mpape, motoci suka yi yawa har faɗa ya riƙa tashi. Wasu sukan ajiye mota a layi su tafi cin abinci ko barci, su tare hanya. Sai ƙungiyarmu ta yi doka: wanda ya sauka daga kujerarsa a layi, na bayansa ya tsallake shi. Salla kaɗai aka cire. Tun daga nan sai ka ga mutum ya yini a zaune, yana matsawa kaɗan-kaɗan, abinci ta taga ake miƙo masa, fitsari ma ya riƙe har sai an loda masa. Bayan lodi kuma ga hanya mai gargada, ga katako yana dukanka daga ƙasa.

Ciwon ya fara mini kamar ƙaiƙayi mai zafi tsakanin maraina da dubura. Na faɗe shi da sunansa, don rashin faɗar ne ya cinye mini shekaru. Da safe lafiya ƙalau nake tashi. Kafin azahar sai in ji kamar garwashi aka sa a wurin. Da la'asar sai ya koma kamar ina zaune a kan dunƙulen dutse, wani lokacin ya harba gaba kamar an jona mini wutar lantarki. In na miƙe tsaye sai ya lafa. In na kwanta ya tafi.

A tasha duk ciwon da ke ƙasa da cibiya suna biyu gare shi, ko basir ko sanyi. Na fara da basir. Babu mai tallar magani da lasifika da ban saya a wurinsa ba. Na sha jiƙo na sha tsimi, na yi hayaƙi, na zauna a ruwan ɗumi da sassaƙe, na yi gudawa har ƙafafuna suka riƙa rawa a kan kuloci. Da bai yi ba na koma sanyi. Mai kemis na Karmo, inda nake zaune, ya yi ta ba ni kafso kala-kala, wannan ya ƙare ya ce ga mai ƙarfinsa. Ban taɓa gaya masa ainihin inda ke ciwo ba, sai in ce marata. Wautar tawa ce. Mutumin da ba zai yarda a canza masa famfon mai ba sai an buɗe an gani, ya yi ta ɗura wa cikinsa abin da bai sani ba don kunya.

Wanda ya fara gane ni Bulus ne, wani direba ɗan Filato da muka daɗe muna bin layi tare. Ya leƙo tagata wata rana ya same ni a karkace, na ɗora nauyina a cinya ɗaya, na riƙe ƙofa.

"Sabo, wannan wane salon tuƙi ne? Kana zaune kamar wanda ya ari kujera."

"Basir ne."

"Basir ɗin nan naka ya girmi ɗana na ƙarshe. Ka je asibiti, mutumina. Ko kana jira ya yi maka jika?"

Na je, ba don maganarsa kaɗai ba, don ranar na kasa kai sawu na ƙarshe. An yi gwajin fitsari da na jini, an duba ni ta inda ban so ba, aka ce babu basir, babu ƙwayar cuta. Daga wannan likita aka tura ni wurin wancan, har na faɗa hannun wani mai haƙurin tambaya.

"Malam Sabo, yana tashinka daga barci?"

"A'a."

"In ka tsuguna fa?"

"Sai ya yi sauƙi."

"A kan me kake zama a mota?"

Na gaya masa. Ya ajiye biro ya dube ni. "Katako? Da gangan?"

Ya zana mini a takarda. Ya ce akwai wata jijiya da ke bi ta ƙasan ƙugu tana kai ji ga duk wannan yankin, ta wata 'yar matsattsiyar hanya take wucewa, kuma alamuna sun yi kama da an daɗe ana danne ta har ta fusata. Bai yi mini alkawarin warkewa ba. Ya ce akwai hanyoyi, kowace da abin da take ci, kuma ni zan zauna da sakamakon, don haka sai mun auna tare.

Ƙwayar ciwon jijiya muka fara gwadawa. Ya ja mini kunne cewa tana sa barci, kada in tuƙa sai mun ga yadda jikina ya karɓe ta. Na ce to, washegari na hau mota. Ta yi aiki kuwa, garwashin ya koma toka mai ɗumi, har na yi wa Bulus waƙa ta taga. Kwanaki kaɗan bayan haka ina gangarowa daga dutse da cikakken lodi da rana tsaka, sai na ji tayar dama tana cin bakin kwalta. Ban san lokacin da idona ya rufe ba. Da na buɗe, wata mata mai gasa masara tana gabana, ta ɗago kai tana kallon motar. Allah ne ya sa ƙafata ta san wurin birki ba tare da kaina ba. Na tsaya har hayaƙin murhunta yana shigowa tagata. Ba ta ma yi ihu ba, ta ce, "Baba, masara za ka saya?" Na saya, na kasa ci.

Na koma na gaya wa likita gaskiya. Ya yi mini faɗan da ya dace, ya rage ta, ya mai da ita ta yamma kawai, ya ce in har ina jin nauyin ido da safe kada in taɓa makulli. A haka ba ta kashe ciwon rana, rage masa kaifi kawai take yi. Wasu a tasha sun ce in bar wahala in sha tramol kamar kowa. Na ga waɗanda ke shan ta, na ga yadda suke shiga kwana. Na ce a'a.

Sai allura. A ɗakin hoto aka yi ta, suna kallon allo suna neman jijiyar. Na tashi daga gadon na zauna a benci, na jira ciwon, bai zo ba. Likita ya ce wannan ya ƙara nuna mana jijiyar ce, amma kada in yi biki tukuna. Bayan wasu makonni ciwon ya dawo. Likita ya ce ana iya maimaitawa, sai dai ba abin da za a yi ta yi ba iyaka ba ne.

A nan Alhaji Lawal ya shigo maganar. Ya kira ni gidansa bayan ya taso daga ofis.

"Malam Sabo, na yi bincike. An ce ana yin tiyata a saki jijiyar. Zan taimaka da abin da zan iya. A yi a wuce wurin, ka dawo aiki yadda kake da."

"Alhaji, na gode. Na tambayi likita. Ya ce masu yin ta ba su da yawa, wasu suna samun sauƙi, wasu ba sa samu, kuma za a daɗe kafin in zauna a mota. Ya ce ita ce ta ƙarshe, in komai ya ƙi."

"To ai komai ya ƙi."

"Saura ɗaya."

Ya cire tabarau ya goge. "Ba na son in ba wani motar nan, ka sani. Amma sawu ya ragu sosai. Mu ga ƙarshen wata."

Ɗayar da ta rage ita ce sashen gashin ƙashi na asibiti. Na ɗauka ƙashi kawai suke gyarawa. Ma'aikacin da aka haɗa ni da shi ya nuna mini cewa naman da ke ƙasan ƙuguna a ɗaure yake tamau, kamar na mai riƙe fitsari kullum. Ya koya mini numfashin da ke sakin wurin, da miƙe-miƙen da nake yi a tabarma safe da yamma, waɗanda da farko sai na kulle ɗaki. Ya ce in yawaita ruwa da ganye kada bayan gida ya yi tauri. Na jefar da katako. Mai kushin na Dei-Dei ya yanka mini soso mai kauri, ya rarake tsakiyarsa daga gaba zuwa baya yadda wurin ba ya taɓa komai. Duk wannan ya taimaka. Amma ma'aikacin gashin ya ce mini, "Baba, babban maganinka shi ne tashi. Da ka ji ya fara ɗumi, miƙe, kada ka jira ya kama wuta. In ka ci gaba da yini a zaune, aikin banza muke yi."

A kan hanya wannan mai sauƙi ne, in faka in zagaya mota kamar mai duba taya. A layi ne babu hali. In na zauna, ciwo ya cinye ni kafin a loda mini. In na sauka, a tsallake ni. Ko ta ina, sawu ya ragu, makulli ya tafi.

Na kai maganar taron ƙungiya, a rumfar tasha, gaban Ciyaman Garba da direbobi cike da benci. Na miƙe na ce ina neman a bar ni in riƙa tsayawa a jikin ƙofar motata a layi, saboda lalura.

"Wace lalura?" in ji Ciyaman. "Kowa a nan yana da ciwon baya."

"Ba baya ba ne."

"To ina ne?"

Na faɗa. Na faɗi wurin da sunansa, da sunan abin da ke gabansa da na bayansa, na faɗi abin da likita ya ce. Sai wani daga baya ya ce, "Allah sarki, injin ƙasa ya buga." Aka fashe da dariya. Wani ya ce a kai ni wurin bakanike a sauke giyabos. Wani ya tambaya ko soson zaman nan nawa mai rami na amarya ne. Na bar su suka gama.

"Ku yi dariya," na ce. "Ina ganin masu zama a karkace a cikinku. Ina ganin masu sayen jiƙo a bayan masallaci suna ɓoyewa a riga. Ni dai na faɗi nawa."

Dariyar ta ragu. Ciyaman ya gyara hula.

"Malam Sabo, ranar da aka yi dokar nan kai ma ka ɗaga hannu."

"Na ɗaga. Lokacin ban san abin da nake ɗaga wa hannu ba."

"In na buɗe maka, gobe wannan zai ce gwiwa, wancan ya ce haƙori. Mu koma zamanin dambe a layi? Doka tana nan. Allah ya ba ka lafiya."

Ban ce Ciyaman mugu ne ba. Ya ga zamanin damben, ni ma na gani.

Washegari na shiga layi da wuri. Da wurin ya fara ɗumi na ja birkin hannu, na sauka, na tsaya a jikin ƙofa. Na gaba ya matsa. Kafin in hau, na bayana ya karya kan mota ya wuce ni, yana kallon wani gefe. Na biyu ma ya bi shi. Ranar da ƙyar na yi rabin aikina. Kwana na biyu haka. Wasu da ke wucewa sukan danna oda su ce, "Baba mai tsayuwa, a gaida ƙasa." Ina ɗaga musu hannu. Da yamma Alhaji ya kira, na gaya masa sawun da na yi, ya ce Allah ya kyauta. Na san ya riga ya fara tambayar direba.

Ana cikin haka wata safiya layi ya haɗa ni da Bulus a bayana. Wurin da muka tsaya matsattse ne, dutse a hagu, rami a dama, mota ɗaya ce ke iya karyawa ta wuce, ita ce ta bayana. Na sauka na tsaya. Na gaba ya matsa. Na ji injin Bulus ya mutu.

Oda ta fara tashi daga baya. Mai kula da layi na ƙungiya ya taho da sandarsa.

"Bulus, ja mota. Layinka ne."

"Ban ja ba."

"Ya sauka, ka gani da idonka."

"Na gani. Mutum yana tsaye a jikin motarsa, makulli a hannu, ba tuwo ya je ci ba. Ni ba zan wuce shi ba."

"Za a ci ka tara."

"A ci. Ka gaya wa Ciyaman in ya zo karɓa ya zo da kujera, zai daɗe."

Mai sanda ya juyo kaina. "Malam Sabo, don Allah ka hau, kada ka ja mana magana."

"Zan hau," na ce. "Bari ya huce."

Na tsaya har na ji wurin ya saki, ba daɗewa aka yi ba. Na hau na matsa, Bulus ya tayar ya biyo ni. Muka yi haka har bakin feloda, ina sauka yana kashe inji. An ci shi tarar kuwa, kuma ya ƙi in biya masa.

Ba a soke dokar ba, har na bar zuwa wannan dutsen tana nan. Abin da ya faru shi ne bayan Bulus sai wani ma ya ƙi wuce ni, sai wani. Wasu kuma ba su daina wucewa ba, kuma ban riƙe su ba. Daga baya na fara hango wasu ƙofofin a buɗe a layi, mutum a tsaye a jikin taya yana kallon sama kamar mai duba hadari. Ba mai tambayar wani dalili.

Ciwon bai tafi ba, kada wani ya ce na ce na warke. Akwai ranakun da ba na jin sa sai da yamma, akwai waɗanda nake komawa gida tun azahar. Na sake karɓar allurar lokacin da ya tsananta, kuma maganar tiyata tana nan a ajiye in ranarta ta zo. Wanda ya ji irin alamun nan a cikinku ya je a duba shi, ya faɗi wurin da bakinsa, don ba kowane ciwon ƙasa ne irin nawa ba.

Da watan da Alhaji ya yanka mini ya ƙare na je gidansa da makulli a aljihu. Sawu bai koma yadda yake da ba, amma ya ɗago. Ya nuna mini kujera a falo.

"Zauna mana, Malam Sabo."

"Alhaji, a tsaye zan ji."

Ya dube ni, ya dubi kujerar. Sai ya miƙe shi ma, muka yi maganar a tsaye. Bai tambayi makulli ba, ni ma ban fito da shi ba. Da zan tafi ya ce gobe akwai lodin Kubwa, in fita da wuri.